Hannun Orest a Kafaɗar Colby

Ni na wasa ƙarfen takalman zamiyar ƙanƙara na Colby Friesen ran da ya faɗi, ni kuma na yanke igiyoyinsu da almakashi kafin a saka shi a motar asibiti. Don haka in za a ba da labarin nan, a bar ni in ba da shi. Na gaji da jin mutanen da ko ƙanƙarar ba su taɓa takawa ba suna zaune a shagon kofi na garinmu Tolstad suna yanke wa Orest Wasylenko hukunci.

Sunana Wilf. Shekara ashirin da shida ina kula da kayan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta matasan garinmu. In wasa takalma, in naɗe sanduna da tef, in wanke rigunan da ko kare ba ya shinshinawa sau biyu. Kafin nan gola ne ni, golan zaman benci, wanda ba a sakawa sai an riga an zura mana shida. A can na san Orest, muna 'yan shekara goma sha tara, bas ɗaya, ɗaki ɗaya. Shi ya wuce babbar gasa ya yi shekara goma sha ɗaya yana cin abinci da wasan. Ni na tattaro na dawo gida. Rariya yake kirana, wai komai aka bugo ta jikina yake wucewa. Ni kuma in ce masa Bijimi.

Ba don iya wasa aka ɗauki Orest ba, shi ma ya sani. Dogari ne. In abokan hamayya suka taɓa ɗan wasanmu mai daraja, koci ba ya buɗe baki. Zai taho ta bayan benci a hankali, ya ɗora hannu a kafaɗar dogari, shi ke nan. Kai kuma ka tsallaka katanga, ka zubar da safar hannu a kan ƙanƙara, ka nemi ƙaton da ya fi kowa a can. Babu kocin da ya taɓa cewa je ka yi faɗa, don in abu ya ɓaci ya iya rantsuwa bai ce ba. Hannun ne ke magana, kuma duk yaron da ya tashi a ƙasar nan ya san yaren.

An taɓa kafaɗar Orest sau ɗari da tamanin da wani abu. Jama'a na ihu suna kiran sunansa, ba su san kafin kowane wasa sai ya shiga bayi ya yi amai ba. Ya dawo mana Tolstad da haƙoran roba, da hancin da ya karkata hagu, da yatsun da ba sa iya ɓalle maɓallin riga da safe. Da aka ba shi ƙungiyar, ranar farko ya tara yara a ɗakin canja kaya, ya ɗaga hannayen nan biyu ya nuna musu.

"Ku dube su da kyau," in ji shi. "Ni ba na taɓa kafaɗar ɗan kowa. In ina son ka shiga, sunanka zan kira. Ran da ka ji hannuna a kafaɗarka, to ka san duniya ta tashi."

Kowace shekara sai ya maimaita wa sababbi maganar nan, kalma da kalma. Kuma ya riƙe ta. Shekara goma sha tara yana tsaye a bayan benci hannayensa biyu a aljihu. Akwai masu cewa tsohon bijimi ya zama tunkiya, musamman in an ci mu. Amma iyaye kan ɗauko 'ya'yansu daga nesa su kawo mana, su bar su a gidajen mutane duk tsawon hunturu, don sun san yaron zai koma gida da kansa lafiya. Abin da Orest ya mallaka ke nan a duniya. Ba kofi, ba dukiya, sai wannan sunan.

To, ga inda gizon yake. A wasanmu ba wanda ke wuce daƙiƙa arba'in a kan ƙanƙara. Uku na fitowa, uku na tsallakawa, wasa bai tsaya ba. Koci kuwa dole sunaye su riƙa zubo masa daga baki ba tare da ya yi tunani ba. Wanda ba ya taɓa kafaɗa, suna ne duk makaminsa.

A kakar ƙarshe sunayen suka fara guje masa.

Na fara lura tun a watan Oktoba. Ya leƙo ɗakina ina wasa takalma, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Rariya, yaron nan mai jan gashi. Ɗan mai gonar alkama. Mai gudun nan."

"Colby."

"Na sani mana. Gwada ka nake, in ga ko ƙurar ƙarfe ta cinye maka ƙwaƙwalwa."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Bayan mako biyu na same shi a wajen ajiye motoci da rana tsaka, makulli a hannu, yana bin motocin mutane ɗaya bayan ɗaya. Tasa na gabansa, jar akori-kura da yake ja shekara goma sha huɗu. Sannan matarsa Darlene ta zo ta same ni, ta ajiye min kwanon perogi, ɗan dafaffen ƙullin fulawar nan nasu, a kan teburin aiki, ta zauna ta fashe da kuka. Sun je birni sun ga likita. Dukan da ya sha a ka ne ya biyo shi, kuma ba abin da ke komawa baya ba ne.

Na tare shi a ofis na rufe ƙofa.

"Bijimi, ka sauka da kanka. Ka sauka ana tafa maka."

"In sauka in je ina? In zauna a taga ina kallon dusar ƙanƙara?" Ya kama gefen tebur. "Ka bar ni in ƙarasa kakar nan kawai. Wata huɗu. Kar kowa ya ji, ko yara, ko shugabanni. Ka yi min alkawari."

"Haba, Orest."

"Shekara arba'in ban taɓa roƙon ka komai ba."

Ƙarya yake, ya sha roƙo na sigari. Amma ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar, mutumin da ya tsaya gaban ƙattan duniya. Na yi masa alkawarin. Allah ya sani don ina son sa na yi, kuma shi ne mafi munin abin da na aikata a rayuwata.

Na shirya dabara, har ina jin kaina wani gwani. Na dawo da tsayuwata kusa da shi a bayan benci, tawul a kafaɗa, in ya fara lalube sai in raɗa masa sunan. Sannan na ɗauko farin tef na rubuta sunan kowane yaro da manyan baƙaƙe na manna a ƙeyar hular kwanonsa, daidai inda idon mai tsayuwa a baya zai sauka. Yaran suka tada ƙura. Tef a kwano na sababbi ne, 'yan gwaji na makon farko, ran da aka ɗauke ka ake ɓare shi. Kyaftin ɗinmu Mason ya shigo yana juya nasa a hannu.

"Baba Wilf, mene ne wannan? Shekarata uku a nan, yau kuma na zama baƙo?"

"Kwanukanku kuke musanyawa kamar 'yan firamare, ni ke shan wahalar nema. Wanda ya ɓare nasa zai wanke safarsa da kansa har bazara."

"Tsufa dai ya kama ka."

"Fita min daga ɗaki kafin in wasa maka takalmi a karkace."

Suka yi ta gunaguni suka bari. Dabara ta ci. Muka yi Nuwamba, Disamba, Janairu, har muna na biyu a teburi. Wani lokaci in mun ci wasa Orest ya juyo ya kashe min ido, ni kuma sakarai in ji daɗi.

Ranar Lahadi ce, wasan ƙarfe biyu na rana, tsakiyar Fabrairu, muna karawa da mutanen Esker. Da safe maɗaurin kwanon Colby ya tsinke. Na ɗauko sabo daga kwali na miƙa masa, na ce zan manna tef ɗin in na gama da sanduna. Aka kira ni wai injin wanki ya toshe. Na manta.

Bari in gaya muku wane ne Colby. Shekararsa goma sha takwas, ɗan siriri, kunya ta hana shi kallon mutum a ido. Amma in ya hau ƙanƙara, kai, ban ga mai ƙafa irin tasa ba a duk shekarun da na yi. Masu neman 'yan wasa daga jami'o'i sun zo kallonsa sau uku a hunturun nan. Uwarsa Noreen ita ta tuƙo shi awa biyar ta kawo shi Tolstad, ta tsallake ƙungiyoyi biyu da suka fi kusa da gonarsu. Bai taɓa faɗa da kowa ba, ko a makaranta.

A zango na biyu, muna ɗaya da ɗaya, ƙaton Esker mai suna Bruneau ya bi Mason ta baya ya maka shi da katanga. Mason ya taso jini na zuba daga girarsa. Alƙalin wasa, makahon Allah, bai busa ba. Fili ya ɗauka da ihu, mutum dubu da ɗari biyu suna dukan gilashin da ya kewaye ƙanƙarar suna neman fansa. A daidai lokacin ɗan bayanmu ɗaya ya ɗingiso benci, ƙarfen takalminsa ya dakushe. Na fizge takalmin na ruga ɗakina. Minti ɗaya da rabi aikin ke ci, na yi shi sau dubu.

Na san abin da ke cikin ran Orest, don na ga ya yi shi ba sau ɗaya ba. In aka yi mana mugunta, amsarsa ɗaya ce: ya saki yaron da ya fi kowa gudu ya je ya ci su. Colby yake so. Ya buɗe baki, suna bai zo ba. Ya juya inda nake tsayawa, ba ni. Ya duba ƙeyar kwanon, baƙi wuluk, ba tef. Ga ukun da ke ciki sun gaji suna tahowa, ga ihu kamar rufin zai faɗo.

Ina fitowa daga lungu da takalmin a hannu na ga ya zare hannun dama daga aljihu ya ɗora a kafaɗar yaron.

Yara goma sha biyar, kowa ya gani. Colby ya waiwayo ya dube shi, fuskarsa fari fat. Na ƙwala ihu, na ce Colby, tsaya! Wa zai ji ni? Ya tsallaka katanga, bai ko kalli inda ɗan faifan robar da ake bugawa yake ba. Ya miƙe har gaban Bruneau ya zubar da sanda, ya zubar da safar hannu.

Bruneau ma ya yi mamaki. Na ga bakinsa, na san abin da ya ce: "Kai yaro, koma benci." Sau biyu ya faɗa. Colby ya kai masa naushi a ƙirji. To ƙa'ida ce, wanda aka kira gaban jama'a ba ya juya baya. Duka ɗaya Bruneau ya yi. Kwanon ya fice, sabo ne, ban gama daidaita maɗaurin ba. Ƙeyar Colby ta bugi ƙanƙara, kuma duk wanda ke filin nan ya ji ƙarar.

Orest ya kama hannun rigata.

"Me yaron nan yake yi? Wa ya ce masa ya yi faɗa?"

Mason ne ya amsa, tawul a danne a gira, yana kuka. "Kai ne, Koci."

Colby bai mutu ba. Kwana tara bai farfaɗo ba, sannan ya buɗe ido. Ƙashin kai ya tsage, kunnen hagu ya tafi, kuma abin da ke riƙe mutum a tsaye ya lalace a ciki. Ƙasa mai kyau ma sai da sanda yake taka ta, balle ƙanƙara. Da muka je asibiti Noreen ta tare mu a ƙofa, ba ta ɗaga murya ba.

"Saboda kai na kawo shi," ta ce wa Orest. "An ce min kai ba ka yi."

Orest ya sunkuyar da kai. Ni kuwa da nake da abin faɗa, na yi shiru, na riƙe alkawarina kamar wani abin kirki.

Hukumar gasa ta sa ranar zama a watan Afrilu, a zauren da ke saman filinmu. Ni na ɗauko Orest a motata. Kafin mu fita na kashe inji na juyo.

"Yau za ka faɗa musu gaskiya."

"Wace gaskiya? In tsaya gaban garin nan in ce kaina ya ruɓe? Su riƙa gaishe ni da ƙarfi kamar kurma, suna tambayata ko na gane su?"

"Za su kore ka har abada a matsayin wanda ya tura yaro ga halaka. Shekara goma sha tara, Bijimi! Duk yaran da suka wuce ta hannunka za su ce ashe ƙarya kake musu."

"Gara a ce mugu ne."

"Ba mugu ba ne kai."

"Ka yi min alkawari, Rariya. Ka zauna ka kama bakinka."

Mutum uku suka zo daga hukuma, mace ɗaya maza biyu. Zauren ya cika har bakin matakala. Colby na layin gaba kusa da uwarsa, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, gashin ya fara tsirowa a kan tabon ɗinki. Aka nuna hoton bidiyon sau uku, ana tsayar da shi daidai kan hannun. Matar hukumar ta tambayi Colby me ya fahimta. Ya ce cikin ƙaramar murya, "Koci ya zaɓe ni. An zubar da jinin kyaftin, ya duba bencin duka, ni ya zaɓa." Wallahi har da ɗan ɗaga kai ya faɗa. Sannan ta juya kan Orest.

"Malam Wasylenko, kai ka tura shi ya yi faɗa?"

Ya miƙe, ya gyara kwat. "Ni na tura shi."

Zauren ya ɗauki guna-guni, wani a baya ya yi tsaki ya ce tir. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ce ƙarya yake yi. Na ce bai san sunan yaron ba ne. Na zazzage komai, likitan birni, motar da ya kasa ganewa, raɗar da nake masa, tef ɗin da na manna a kwanuka, da wanda na manta ban manna ba. Na ce in akwai wanda za a kora ga ni, don ni na san halin da yake ciki na bar shi da 'ya'yan mutane. Darlene ta rufe fuska ta gyaɗa kai, kowa ya gani.

Orest ya juyo ya dube ni. "Wa ya tambaye ka?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na ɗauka na yi abin da ya kamata, har na ji ƙirjina ya yi sauƙi. Sai Colby ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya karkato kunnensa mai ji wajena.

"Baba Wilf, ban gane ba. Ba tura ni ya yi ba?"

"A'a, ɗana. So yake ka je ka ci su."

"Sunana kawai ya manta?"

Na ce e. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Wata biyu yaron nan yana kwance da abu ɗaya tak da zai riƙe, cewa kocinsa ya zaɓe shi kuma bai ja da baya ba. Ni na ƙwace masa shi gaban mutum ɗari biyu. Ya ce, "To," ya koma ya zauna. Ban taɓa jin kalmar da ta yi min nauyi irin wannan ba.

Hukuma ta wanke Orest daga laifin tura yaro, ta sauke shi saboda rashin lafiya. Ni na ajiye aikin a makon, ban jira an ce min ba. Colby na gonarsu, yana taya uwarsa da abin da zai iya. Na rubuta masa wasiƙa biyu bai ba ni amsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. A shagon kofi har yau rabi na cewa ni na ƙirƙiro ciwon don in ceci abokina.

Orest yanzu yana gidan kula da tsofaffi a bakin tafki. Ina zuwa duk Laraba da hantsi, in yi masa aski, in ba shi miya. Ya manta fushin da ya yi da ni, ya manta zaman hukuma, wani lokacin har Darlene sai ta gaya masa ko wace ce. Amma akwai abin da ya ƙi fita. Ina cikin goge masa kumfa sai ya kama wuyan hannuna.

"Akwai wani yaro, Rariya. Mai jan gashi. Ya faɗi."

"Ya faɗi, amma yana raye."

"Ni na tura shi?"

"Ba kai ka tura shi ba. Ba ka taɓa tura ɗan kowa ba."

Sai ya ƙura min ido ya daɗe, ya sake ni, ya juya fuskarsa bango.

"Kai dai kullum rufa min asiri kake yi," in ji shi.